Dashen Yamma

Kwana uku, na sake sa ido a madubin awo.
Cikin ɗari da na dasa, tara ke motsi.
Sauran sun dunƙule sun yi duhu
kamar ƙanzo a gindin tukunya.
Na rubuta: tara. Na rufe littafi.
Janareto ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

Ƙwayoyin tushe ke nan, ba su zama kowa ba tukuna.
A ce musu fata, su shimfiɗu,
a ce musu jijiya, su miƙe.
A faranti 'yan gata ne, ɗumi daidai, abinci har baki.
Amma kai su bakin gyambo,
inda jini ya daɗe da ɗauke ƙafa,
inda nama ke huci, iska ba ta isa,
sai su mutu tun ba su tambayi sunan garin ba.

Asabar na bar Birnin Kebbi,
na wuce Kalgo, na sha rake a Jega,
warin albasa ya tare ni tun kafin Aliero.

Kawu Arzika na tsugune a bakin fangali,
ƙafarsa ta hagu naɗe da tsumma,
wata bakwai ke nan ciwon suga ya buɗe ta.
Ƙuda na sauka, yana kora da hula.
Na kai hannu zan tuge iri, ya riƙe ni.

"Tumba, mi ag gaggawa?
Ba a dashe rana tsaka.
Bari ta sauka bisa giginyar can."

Muka jira. Ya ci goro, na ƙirga tururuwa.

"Kwana biyar na hana musu ruwa," in ji shi,
"su san duniya tun suna gida.
Wanda bai taɓa ƙishi ba, shi ka fara faɗuwa."
Ya tura yatsa ƙarƙashi, ya ɗago su a hankali.
"Kada ki kakkaɓe ƙasar saiwa,
guzurinsu ke nan.
Baƙo da ƙasar garinsu ga ƙafa
ba shi saurin yin kewa."

Ya datse kan ganyen da farce,
ya binne, ya danna da babban yatsa,
ya ba su ruwa kaɗan, kamar mai shayar da majinyaci.
Har magariba muna yi. Bayana ya ƙage.

Litinin na koma ɗakin gwaji da laka a farce.
Na rage musu iska kwana biyu,
ina jin kamar na zalunci marayu.
Na lulluɓe su da wani ƙullu mai laushi,
kamar ƙaro da ya kwana a ruwa,
su tafi da gidansu a jiki.
Ban raba su ɗai-ɗai ba,
na bar su tsibi-tsibi, kafaɗa da kafaɗa.

Kwana uku.
Na yi alwala kafin in duba, ban san dalili ba.
Talatin da ɗaya.
Na sake ƙirgawa. Talatin.
Ɗaya ta tafi tsakanin ƙirga da ƙirga.

Ba guɗa ba ce, na sani.
Har yanzu a bayan ɓera muke,
tsakaninmu da ƙafar mutum akwai damina da yawa,
kuma tsumman Kawu ba ya jira.

Jiya ya kira ni a wayar ɗansa.
"Wai ke, mi kike yi can birni?"
Na ce, "Dashe, Kawu."
"Ya kama?"
"Wasu sun kama."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"To, ki riƙa kewaya su da safe.
Dashe na son sawun mai shi."

Na ji yana kora wani abu da hula.